Tabon Dutsen Guga

A cocinmu, duk wanda ya rasu, a bakin ƙofa ake lulluɓe akwatinsa da farin ƙyalle, don tunawa da farar rigar baftismarsa. Shekara talatin Mama Mai Guga ce ke wanke ƙyallen nan, ta goge, ta ninke, ta adana a ɗakin kayan Fada. Ni ne katekis, amma ko ni ba na taɓa shi sai na wanke hannu.

"Haba Malam," takan ce, "mutum zai je gaban Ubangijinsa da yamutsattsen kaya?"

Sau ɗaya tak hannunta ya kuskure. Ranar jana'izar mijinta ta kafe ita za ta yi gugar. Ta ɗora dutsen guga, hankalinta ya tafi, sai ƙauri ne ya dawo da ita. Tabo ya fito kamar tafin hannu. Tun daga ranar, wajen ƙafafu take juya tabon, inda ido bai cika kaiwa ba.

Makon jiya ita ma ta cika. Muna shirin jana'iza, 'yarta ta ce a sayo sabon ƙyalle, wannan ya ji jiki. Fada ya dube ni. Na ce a'a.

Da kaina na goge shi, ko kusa da nata bai kai ba. Da akwatin ya iso bakin ƙofa, na shimfiɗa ƙyallen, na juyo tabon sama, ya sauka daidai ƙirjinta.