Ƙwayar da Na Ɓoye wa Likita

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Talata layin da nake karantawa ya rabu biyu a idona. Na san lokacin ne saboda na rubuta shi. Haka nake a wancan lokaci, ɗaliba 'yar aji uku a jami'a a Gwagwalada, mai kunya, marar surutu, wadda komai sai ta rubuta a ɗan littafinta, har yawan shafukan da ta karanta a rana. Abu ɗaya ne ban taɓa rubutawa ba, kuma shi ya sa na aiko muku da wannan wasiƙa.

Ni siririya ce tun ina ƙarama. A wani biki a Karu gwaggona ta kama hannuna a gaban jama'a, ta tambaya ko a makarantarmu takarda ake dafa mana. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma abin ya zauna mini. Da na koma makaranta na je wani kemis na nemi ƙwayar ƙibar nan da 'yan mata ke sha. Ogan wurin ya ce kowa na sha, ba komai. Wata bakwai ina haɗiyarta kullum, ina ɓoye ta a cikin safa. Kumatuna suka ciko, aka fara cewa makaranta ta karɓe ni.

A lokacin ina da wurin karatu na ni kaɗai, saman wani bene da ba a gama ginawa ba a bayan masaukinmu. Tantabaru ne kawai abokan zamana. Da yake ba na iya zama cikin datti, kowace safiya sai na share busasshen kashinsu, ƙura ta turnuƙe, sannan in shimfiɗa tabarma.

Ciwon kai ya riga waccan Talatar da mako uku. Na sha maganin zazzaɓin cizon sauro, na sha na taifot, bai ko motsa ba. Bayan idon ya fara raba abu biyu sai amai ya biyo, wuyana ya ƙage. Abokiyar ɗakina, wata 'yar Jos mai yawan barkwanci, ta ce yau dai farfesa za ta bar littafi ta bi ta asibiti ko da a goye ne, ta kuma kira Mama da yayata. Na miƙa wa likita littafina, ya duba awa-awa yadda ciwon ya tafi, har ya ce da kowa na zuwa da irin wannan da aikinsu ya yi sauƙi. Sau uku yana tambayata ko akwai wani magani da nake sha. Mama na zaune a gefena. Sau uku na ce babu.

Ya ce yana so a ɗebi ruwan ƙashin bayana a auna. Mama ta miƙe tsaye ta ce ba da 'yarta ba, ta ji ana cewa allurar nan gurgunta mutum take yi. Ya yi bayani har ya gaji. A ƙarshe ya ce gwajin ƙanjamau bai nuna komai ba, amma in akwai wani abu da ya raunana garkuwar jikina, to wannan awon ba ya jira. Na ji shi sarai. Na juya fuskata bango.

Aka kwantar da ni a asibitin. Kwana tara aka yi ana lallashin Mama. A safiya ta goma na ce wa Yaya ta ɗage labule ta ɓangaren hagu, ɗakin ya yi duhu. Ta ce labulen a ɗage yake. A ranar ce abokiyar ɗakina ta kawo mini kayan sawa, ta ci karo da safar, ta wuce da ita kai tsaye wurin likitar da ke duba mu a ɗakin.

Da asirin ƙwayar ya tonu, Mama ta yarda aka ɗebi ruwan. Da sakamako ya fito ban yarda da kunnena ba. Wai sanƙarau ne, amma ba irin wanda muka sani ba. Ƙwayar cuta ce dangin funfunar da ke fitowa a kan abinci, tana zama a kashin tsuntsaye, mutane da yawa na shaƙarta ba ta yi musu komai. Ni ƙwayar ƙibar ce ta karya garkuwata, cutar ta samu hanya har ruwan ƙwaƙwalwata, ruwan ya taru ya danne jijiyar ido. Funfuna, a cikin kaina! Allurar da muka guje wa ita ce ta rage ruwan, sau biyar aka yi mini, kuma da ƙafata na fita.

Ina roƙon 'yan uwana mata, kada ku sha abin da ba ku san aikinsa ba don bakin mutane. In kuma kun riga kun fara, kada ku yanke da kanku, ku faɗa wa likita, ko wa ke zaune a wurin.

Ranar sallama na daure na tambayi likitar ko idona na hagu zai dawo. Ta ce ba ta sa rai. Na sake tambaya, da na faɗi gaskiya ranar farko fa? Ta dubi littafina da ke kan gado, sannan ta ce ba za ta rantse ba, amma ranar da aka kawo ni, da ido biyu na zo.