Dutsen awon ƙanena

Mahaifinmu marini ne a Illela, kuma ni ne babban ɗansa, don haka tun ina saurayi na sa a raina cewa babbar rijiyar rininsa tawa ce. Da ƙwarya yake auna shuni da toka da kanwa, ni ma haka na koya, har ina taƙama da idona.

Shekarar da Turawa suka kafa alamun iyaka a arewacin gari, fatake suka sauya hanya, kanwar da muka saba da ita ta yanke. Wadda ta zo dunƙule-dunƙule ce, ba gari ba. Ka cika ƙwarya fal, rabinta iska. Rini ya ƙi kamawa.

Ƙanena, wanda ko magana sai an roƙe shi, shi ya rataya ƙwarya biyu a sanda, ya yi ma'auni. Ya nemo dutse mai nauyin awo ɗaya na tsohuwar kanwa, ya ce kowace iri aka kawo a ɗora ta, a ƙirga sau nawa ta ɗaga dutsen, yawan awonta ke nan. Rini ya kama, baƙi wuluk. Mahaifinmu ya yi ta nuna wa mutane dutsen kamar jika aka haifa masa. Ni kuwa sai in kau da kai. Hassada ce, ba ni da wani sunan da zan ba ta.

Na tafi bakin tafkin Kalmalo na tsinto dutse mai kama da nasa, amma ya fi shi nauyi, na musanya. Kanwa ta yi yawa, rijiya ta lalace, zannuwan mutane suka fito fari-fari.

Mahaifinmu ya daka wa ƙanena tsawa: "Mi ka yi ma rijiyag ga?"

Ƙanena ya ɗauki dutsen, ya jinjina shi a tafin hannu. Ya dube ni sau ɗaya.

"Ni na ɓata lissafi," ya ce.

Aka ba ni rijiyar. Da kaka ta yi, ƙanena ya ɗaure kayansa ya ƙetara iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulki, can ya yi aure, can aka binne shi.

Har na tsufa ana yabon idona wajen awo. Ba ido ba ne. Dutsensa na gaskiya yana cikin tukunya a bayan rumbu, kuma ban taɓa haɗa rini ban ɗauko shi ba.