La'asar ɗin Kawu a Bakin Fadama

Kawuna mutumin Maraɗi ne, yayan mahaifiyata, kuma tun da nake ban taɓa jin ya tambayi wani hanya ba. Da ya ce zai biyo ni birnin Guangzhou ya sari takalma a kasuwar Zhanxi Lu, Inna ta kira ni daga Kano ta ce, "Ki dawo min da shi yadda kika tafi da shi." Na yi dariya a lokacin. Mutumin da ya yi fataucin shanu tun kafin a haife ni, wai ni ce zan kula da shi.

Da muka gama ɗaure kaya, nasa takalman da nawa jakunkunan na kasuwar Shiling, sai ya ce shi ya gaji da ganin bene, yana son ganin ƙasa. Direban da ke kai ni Shiling ya kai mu wani dajin da gwamnati ta killace a kudancin gari, can inda kogi ke shiga teku, ya ce zai jira mu a bakin ƙofa.

Da farko fili ne na ciyawa da furanni har iya ganinka, rawaya da fari da wasu masu launin makuba. Kawu ya tsinki ciyawa ya murza ya shinshina. "Asarar kiwo," ya ce. "Ko akuya guda babu."

Daga nan hanya ta koma gadar katako, ta kutsa cikin itatuwa. Nan ne jikina ya fara ba ni wani abu. Itatuwan a cikin taɓo suke tsaye, saiwoyinsu sun huda ƙasa sun fito sama kamar turaku. Iska ta ɗauke. Wurin yana warin rijiyar da aka daɗe ba a yashe ba. Na lura kowane itace jiƙe yake baƙi ƙirin har zuwa tsayin ƙirjin mutum, daga nan sama kuma a bushe, kamar an ja layi. Na gani da idona, amma ban san me nake kallo ba.

Kawu ya dubi rana ya ce La'asar ta yi. Na ce ya shimfiɗa darduma a kan gadar. Ya ce ba zai yi sallah inda mutane ke gilmawa da takalmi ba, alhali babu kowa sai mu. Ya hango wani tudu busasshe can ƙasa, ya ɗaga ƙafa zai tsallake shingen gadar.

"Kawu, allon nan fa akwai hoton ruwa da mutum a jikinsa."

"Ke ɗiyata, mi kika sani?" Ya nuna min sama. "Ga gari nan hwari tas. Ina ruwa shika hitowa in babu hadari? A bakin gulbi aka haihe ni."

Raina ya ɓaci, amma ba a musu da Kawu. Ya sauka, ya lallaba ta kan saiwoyi, ya shimfiɗa darduma, ya kabbara.

Ƙananan ƙaguwa ne suka fara ba ni tsoro. Ɗazu sun cika taɓon, sai na ga duk sun shige ramukansu a lokaci guda. Sannan na ga ruwan. Ba gudu yake ba, ba ƙara yake ba, ta tsakanin saiwoyi yake tasowa a hankali, ja-ja-ja da kumfa a bakinsa. Kafin Kawu ya gama raka'ar farko ruwan ya zagaye tudun ta baya, ya shafe hanyar da ya bi.

Na ce, "Kawu, ruwa." Na sake faɗa da ƙarfi. Na san ya ji ni, don na ga kafaɗarsa ta motsa. Amma mutum ne da ko kunama ta harbe shi ba ya yanke sallah, ya sha faɗa mana haka yana alfahari. Ko saurin karatu bai ƙara ba.

Na kira direban, wayar ba ta shiga. Na waiga hagu da dama, gadar fayau. Na dubi layin nan da ke jikin itatuwa, sai a lokacin na gane shi: nan ne iyakar inda ruwan teku ke kaiwa in ya taso. Muryar Inna kawai nake ji.

Sujadar ƙarshe a cikin ruwa ya yi ta. Da ya ɗago, gemunsa na ɗiga. Ya zauna tahiya ruwa na kaɗa masa riga, ya yi sallama dama da hagu, sannan ya miƙe. Taku biyu ya yi taɓo ya riƙe shi har gwiwa. Ya ja, ƙafar ta ƙara nutsewa. Ya ɗago ya kalle ni, ban taɓa ganin wannan kallon a fuskarsa ba.

Na warware mayafina, na ɗaure bakinsa a jikin shingen, na jefa masa ɗaya bakin. Sai a jifa ta uku ya cafke. Yana ja ina ja, ina kuka ina yi masa masifa, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Ya fito ba takalmi, ba hula. Muna zaune a kan katako muna haki muka ga darduma ta taso ta bi tsakanin itatuwa. Kafin mu tashi babu alamar an taɓa yin tudu a wurin, ga sama kuwa tas yadda ya ce.

Muka lallaba zuwa bakin ƙofa, direban ya mayar da mu masauki.

Washegari muna masauki, hawa na tara, Azahar ta yi. Na ara masa dardumata, ya shimfiɗa a kan tayil, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu zai kabbara. Sai ya sauke hannun ya juyo.

"Ɗiyata," ya ce, "nan wurin, ruwa ba shi zuwa ko?"

Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ga amsa yake jira.