Gicciyen cikin akwatin kakata

Shekarun baya, lokacin da aka shafa wa gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka jan fenti za a rushe, ni aka bar wa haɗa kayan kakata. Ina goye da ɗana na fari, ga iƙamata, takardar izinin zama, ta ƙare, ko ƙofa aka taɓa sai in ce 'yan sanda ne.

A ƙasan akwatinta na ga ƙullin tsumma. Na kwance, sai ga ɗan gicciye na ƙarfe. A Makka, a ɗakin tsohuwar da ba ta tashi daga kan darduma. Na ce idan aka buɗe kayanmu a hanya mun shiga uku. Na tura shi cikin shara, har ina ganin na yi dabara.

Da la'asar kakata ta laluba ta rasa.

"Ke 'yar nan, ina ƙullina?"

"Hajiya, abin Kirista ne fa."

"Na san na Kirista ne, tun uwarki ba ta zo duniya ba. Zauna."

Ta ce tana ƙarama suka iso Musawwa, bakin Bahar Maliya, a ƙafa za su hajji, lokacin yaƙin Turawa, garin a hannun Taliyan. Masu baƙar riga, 'yan fasist, suna kama duk wanda ya fito daga ƙasar da Ingilishi ke mulka, wai ɗan leƙen asiri ne. Aka rubuta sunan babanta. Ɗan sandan da aka ba takardar Bataliye ne, ɗan Katolika. Ya yaga ta, ya ɓoye su kwana uku a bayan cocinsu, shi ke kawo musu ruwan alwala. Ya ciro wannan daga wuyansa ya ce su nuna wa mai kwalekwale, zai gane daga wurinsa suke. Ashe ya daɗe yana fitar da mutane haka. A Jidda suka ji nasa sun harbe shi.

"Ni ban taɓa bauta masa ba," in ji ta. "Tikitina ne. Da shi na ga Ka'aba."

Na fita da goyo na tona sharar nan da hannuna, maƙwabta suna kallo.

Ta rasu a unguwar Utaibiyya inda muka koma, ko sunan ɗan sandan ba ta sani ba. Har yau ni matsoraciya ce, kuma ban san hukuncin ajiye gicciyen ba, ban yi karatu ba. Amma mun sake ƙaura sau biyu, kuma duk sau biyun a jikina na ɗaure shi.