Fiyanon da Ya Ci Kujerar Gaba

Koki zuwa Jos

Ana sallame asuba muka bar Koki, ni da Yaya Nasiru. Makaɗin fiyano ne, yana da ɗan sitidiyo a soron gidanmu, ni kuma tun ina sakandare nake yi masa amshi. Lokacin an hana acaɓa a Kano saboda tashin bama-bamai, sai adaidaita sahu ya kai mu tashar Unguwa Uku. Ni Gwaggo zan gaisar a Jos, shi fiyano zai sayo.

Har muka ratsa dajin Falgore ba shi da zance sai na fiyano. Wai tsohon fiyanon nasa sautin gangarsa kamar ana dukan kwano. Na nuna masa gajimare ya sauko yana shafar duwatsu, ya ce "Uhm," ya ci gaba. A kowane shinge sai mu sauka, mu ɗaga hannu, mu wuce a ƙafa. Da la'asar muka isa gidan Gwaggo, ta tarbe mu da gwate mai zafi.

Jos

Mai sayarwar, Mista Bitrus, a coci yake kiɗa. Shi ba ya shiga unguwar Gwaggo, mu ba ma shiga tasu, saboda haka a wani shago a kasuwar Taminus aka haɗu washegari da hantsi. Fiyano biyu ya kawo.

"Malam, ɗauki ƙaramin, yana aiki da batir," in ji shi.

Yaya ya ce, "Na gidan biki ne wannan. Ji nauyin madannan babban, hannu yana zama. Kuma zan iya ɗura masa kalangu na gaske."

Yaya ya shafa shi a hankali, shafar da ban taɓa ganin ya yi wa kowa a gidanmu ba. Sai ya danna wani wuri, muryoyin mata suka taso, santala-santala, ba mai jan numfashi a cikinsu.

"Kin ji, Hauwa? 'Yan amshi ke nan. Ba mura, ba lakca."

Suka yi dariya. Ni na gane wa za a daina kira soro.

Jos zuwa Kano

Washegari kujerar gaba Yaya ya biya wa fiyanon, naɗe cikin bargon Gwaggo. Ni aka cusa ni baya, kajin wata mata a kan ƙafata. Duk ramin da muka faɗa, fiyanon yake miƙa hannu ya tallafa.

Bayan Saminaka wani soja a shinge ya hango doguwar aba a bargo, ya gyara bindiga.

"Mene ne wannan? Kunna mu ji."

"Yallaɓai, sai da wutar nefa."

"To a nan zai kwana. Wa ya san abin da ke cikinsa?"

Direba ya soma ƙunƙuni. Ba zan ɓoye muku ba, wani sanyi na ji a raina. Sai Yaya ya juyo, fuskarsa kamar ta ranar da Baba ya rasu.

"Hauwa'u, taimake ni su san mu makaɗa ne."

"Ga 'yan amshinka a bargo."

"Don Allah, ƙanwata."

Ya shiga buga murfin mota da tafin hannu, na rufe ido na ɗauko wata waƙar damina da muka yi tare. Ina yi, kajin na tsoma baki. Da na kai ƙarshe sojan ya ɗaga bargon, ya danna madanni biyu, ya mayar.

"Ku tafi. Malama, Allah ya ƙara murya."

Koki

Ana kiran magariba muka shigo lungu. Da safe Yaya ya leƙo tsakar gida.

"Zo ki ji matan nan, ki faɗa min inda za su shigo."

"Ni zan bi su?"

"Su za su bi ki."

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Gwaggo da direbanmu. Bargon dai har yau yana kan fiyanon, kuma duk sanda na shiga soro sai na harare shi kafin in gaida Yaya.