Gaisuwar da Na Kai Kuantan a Makare

Mu uku ne muka yi makarantar kwana ɗaya a Kano, daga baya karatun mazajenmu ya sake haɗa mu a Malesiya. Kowa dai da garinta. Ni ina Kuala Lumpur, a wani dogon bene a Setapak. Ɗayar tana Melaka, a bakin teku ta yamma. Babbarmu kuma, wadda muke ce wa Yaya tun muna aji ɗaya tana aji uku, tana Kuantan, a bakin teku ta gabas, inda mijinta yake koyarwa. Duk hutu sai mun zaga juna a bas, da yara da kulolin abinci.

Ko dangin nesa ban haɗa da Yaya ba. Amma da na yi haihuwar fari mahaifiyata ba ta samu biza ba, Yaya ce ta baro gidanta, awa huɗu a bas, ta zo ta yi mini wankan jego. Har Sentul ta je wajen Indiyawa ta samo ganyen darbejiya. A butar lantarki take tafasa ruwan, buta bayan buta har bokiti ya cika, tana fyaɗa mini ina ihu, tana cewa in rufe mata baki kada maƙwabta su ɗauka yanka ni ake yi. Sati uku ta yi a gidana.

Sai ga korona. Ana tsakiyar kulle mijinta ya rasu a asibiti, ko gawarsa ba ta gani ba. Da hantsi ta kira ni, ta ce, "Ya tafi fa," ta kashe wayar.

Lokacin ba a tsallaka jiha sai da takardar 'yan sanda, kuma idan rasuwa ce sai ta ɗan'uwa na jini. Washegari na saka takunkumi na tafi ofishinsu. A hanya maigidana ya yi ta ja mini kunne: bizarmu a jikin karatunsa take, saura wata shida ya gama, kada in rubuta abin da ba zan iya kare shi ba. A fom ɗin akwai gurbin da ake tambayar alaƙarka da gidan rasuwar. Na daɗe riƙe da biro, sannan na rubuta ƙawa. Ɗan sandan ya duba, ya girgiza kai cikin ladabi ya ce, "Tak boleh." Ba zai yiwu ba ke nan. Ga kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: da na fito daga ofishin nan wani sanyi na ji a raina. Tsoron cutar nake yi, wallahi tsoro nake yi, na kuma ji daɗi da aka samu wanda ya hana ni.

Na kira Yaya na ce sun hana. Ta ce, "Ba komai, Allah ya ba da lada." A wajenmu kuwa kowa ya sani, gaisuwar mutuwa ta waya share fage ce kawai, ba ka yi gaisuwa ba sai ka je ka zauna. Wata huɗu ina kiranta, tana takaba ita da yara biyu a ɗaki, amsoshinta suna ƙara gajarta. Na yi ta ce wa kaina baƙin ciki ne.

Ranar da aka buɗe hanya, saura kwana goma ta fita takaba ta koma gida Kano gaba ɗaya. Na tattara ragowar kuka da daddawar da nake ta tattali, don a lokacin ko wajen 'yan kasuwarmu na Danau Kota ba a samu. Na ce bari in biya Melaka in ɗauki ɗayar ƙawar tamu mu tafi tare, ko ba komai ta rage mini nauyin shiga.

Ina cin shinkafa a falonta ta ce ita sai ranar rakiya za ta koma.

Na ce, "Ki koma? Da kin je ne?"

Ta sunkuyar da kai. Ashe tun kwana uku da rasuwar ta je, sati biyu ta yi. Yaya ce ta ce kada a gaya mini, wai kada in ji babu daɗi. Ji wata kara mai ciwo!

"Ya aka yi suka bar ki?"

"Yayata na rubuta mana. Me zan rubuta?"

"Ba su nemi shaida ba?"

"Sun nema. Na ce mu a ƙasarmu ba a yanka wa mutum takardar zama 'yar'uwa. Na zauna a benci ina kuka har mutumin ya gaji ya buga hatimi."

Sai na tuna a lokacin na kira ta ina mita, har na faɗa mata abin da na rubuta. Na ce, "Kin gaya wa Yaya?" Ta ce, "Ita ta tambaya." Tun muna makaranta bakin yarinyar nan ba ya riƙe magana. Na zazzage mata tas, ta bar ni na gama, ta ce in ci abincina zai huce.

Da safe na hau bas ɗin Kuantan ni kaɗai. Kujera ɗaya da mutum, ɗaya babu kowa, gonakin kwakwar manja kuma ba sa ƙarewa. Duk hanya ina shirya maganar da zan yi. Da muka shiga gari ana yayyafi, tekun da muke kai yara wasa ya yi jawur kamar ruwan kududdufi.

Yaya ta rame sosai. Na faɗa jikinta ina kuka, ta ɗan bubbuga bayana sau biyu kamar mai lallashin ɗan maƙwabta, ta ce, "Sannu da hanya." Ta zaunar da ni a kujera, falon cike da kwalaye. Ta kawo mini ruwa a kan faranti, cikin kofin gilashin nan nata da ba a fito da shi sai baƙin mijinta sun zo. Ni fa, da nake wucewa kicin ɗinta kai tsaye in buɗe tukunya in ci a tsaye. Na miƙe zan bi ta, ta ce, "A'a, yi zamanki, kin sha hanya."

Na yi gaisuwa yadda ake yi, ta amsa yadda ake amsawa. Na miƙa mata tsarabar, ta buɗe ledar ta shinshina, ta mayar mini. "Ki riƙe abinki, ke za ki zauna a ƙasar nan. Ni Kano za ni." Kai, ni da wauta! Kuka na ɗauko wa mai tafiya Kano.

Na ce, "Yaya, maganar takardar nan..."

Ta ce, "Ai gaskiya kika rubuta. Wa zai ga laifinki?"

Wallahi da ta zage ni ya fi mini. Raina ya ɓaci, har yau ma in na tuna yana ɓaci. Ita ma matar mai biza ce, ta san yadda muke zaune a ƙasar nan a ɗofane, ta san miji in ya ce kada. Na buɗe baki zan faɗi duk wannan, sai na tuna sanyin da na ji a ƙofar ofishin 'yan sanda, na fasa.

Muna nan zaune aka ƙwanƙwasa. Wata dattijuwa ce 'yar ƙasar, maƙwabciyarta, wadda duk tsawon takabar take rataye mata abinci a jikin ƙofa. Ta gan ni ta faɗaɗa fara'a, ta ce ta san ƙanwar nan ta Melaka, wannan ita ce ɗaya ƙanwar da ake ta ba ta labari?

Yaya ta dube ni, babu ko alamar fushi a fuskarta. Ta ce, "A'a. Wannan ƙawa ce, daga Kuala Lumpur."

Da kayan kwana tara na zo a jakata. Bas ɗin la'asar na biyo.