Ɗakin Baya a Gidan Bungudu

Jama'a, abin da zan ba ku labarinsa da ni ya faru, ba ji na yi a majalisa ba, kuma Allah ne shaidata ban ƙara gishiri ba. Ni dillalin gidaje da filaye ne a Gusau, muna da ɗan ofis ni da abokin sana'ata Lawali, shago ɗaya ne da tebur biyu da fanka mai ƙara. Shekarun baya mun gane cewa masu sayen kirki yawancinsu ba sa gari, 'yan jihar nan ne da ke aiki Abuja ko Kaduna ko Legas, wasu ma ƙasar waje, kuma irin waɗannan sun fi son a tura musu hotuna da kwafin takardu ta imel su duba a natse. Sai muka buɗe adireshi ɗaya na ofis, ni da Lawali kaɗai muka san lambar sirrinsa, ni ne kuma mai yawan amsa saƙo don na fi shi haƙurin rubutu.

Wata rana wani dattijo, Alhaji Bawa, mai sayar da hatsi, ya zo ya ce yana son a sayar masa da gidan gadonsu da ke Bungudu, tunda iyali duk sun dawo Gusau, gida ya zama kango sai ƙadangaru. Ya ba ni mabuɗi, muka yi da shi zan je in gani in ɗauki hoto. Ku riƙe wannan, ban je ba tukuna, ban ɗauki hoto ba, ban sa talla ko'ina ba. Washegari da hantsi na buɗe imel sai ga saƙo daga wani adireshi da ba suna a jikinsa, haruffa ne da lambobi a cakuɗe. Ya yi sallama cikakkiya, sannan ya ce, "Dillali, na ji an ba ka gidan Bungudu mai rijiya a tsakar gida. Ina so. Kada ka nuna wa kowa."

Na juya na dubi Lawali, yana can yana shan kunu hankali kwance. Na ce, "Kai ka gaya wa wani zancen gidan Alhaji Bawa?" Ya ce shi ko sunan unguwar bai riƙe ba. Amma raina bai kwanta ba, domin a sana'armu an saba, abokinka zai turo ɗan'uwansa ya zo a matsayin mai saye, a karya farashi, daga baya su sayar su raba riba kai kana hamma. Abin da ban sani ba a lokacin, shi ma Lawali irin zaton da yake yi mini ke nan, wai ni na ƙirƙiro mai sayen don in zame shi daga la'ada.

Na amsa saƙon yadda muke amsa wa kowa, na gode masa, na tambayi sunansa da inda yake zaune da lambar waya don mu yi magana baki da baki. Kafin in ajiye waya amsa ta shigo. Bai ba da suna ba, bai ba da lamba ba, bai ma tambayi kuɗin gidan ba, wanda shi ne abin da kowane mai saye ke fara tambaya. Cewa ya yi, "In ka je ka duba mini ɗakin baya, na kusa da rumbu. Ka gaya mini ko rufinsa na nan. Shi ne ba na son a taɓa."

To a nan tsoro na biyu ya shigo mini. Duk wanda ya zauna jihar nan ya san halin da hanyoyinmu suke ciki, kuma an sha jin yadda ake yaudarar mutum da zancen ciniki a kira shi wani wuri, daga nan sai dai iyalinsa su ji waya. Mutumin da ba suna, ba lamba, yana son in je wani kango a Bungudu, ai ko yaro ya san da walakin. Saboda haka ban gaya masa ranar da zan je ba, kuma na ce wa Alhaji Bawa sai dai mu tafi tare, da rana tsaka, a motar haya.

Muka je. Gida ne irin na da, zaure, tsakar gida mai faɗi, rijiya a tsakiya an rufe ta da tsohon kwano, ɗakuna a jere. Na zagaya na ɗauki hotuna, na ga rumbun da ya rushe rabi, amma ɗaki kusa da shi babu, bango ne kawai ya miƙe. Har na ji sanyi a raina, na ce ashe ɗan damfara ne yake harbi a duhu. Sai na ce bari dai in tambaya. Na ce, "Alhaji, akwai wani ɗakin baya a gidan nan?"

Dattijon nan ya tsaya cak. Ya ce, "Wa ya hwaɗa maka?"

Na nuna masa saƙon, na karanta masa. Ya ja hannuna zuwa bangon, ya nuna mini da sandarsa. Sai da na matsa sosai na ga alamar ƙofa a ƙarƙashin yaɓe, an toshe ta da ƙasa an shafe, sama can kuma kusa da rufi akwai 'yar taga wadda ko kan mage da ƙyar zai shiga. Ya ce ɗakin wansa ne, Mamman. Tun Alhaji yana saurayi Mamman ya tafi fatauci kudu, ya kulle ɗakinsa ya ce wa mahaifiyarsu kada kowa ya shiga sai ya dawo, kuma bai dawo ba, ba wasiƙa, ba saƙon baki, ba labarin mutuwa. Tsohuwa ta hana a taɓa ƙofar har ta rasu, da gara ta cinye ƙyauren sai suka toshe wurin suka shafe, don ba mai son ya zama shi ya karya maganarta. Ya ce ko 'ya'yansa ba duka suka san da ɗaki a nan ba.

Sannan ya dube ni da wani irin ido, ya ce, "Malam, in wani abu kuka shirya kai da abokinka don ku kawo mini magajin ƙarya, ku bari. Mamman in yana da rai ya tsufa tukuf, kuma ko harafi ɗaya na boko bai sani ba." Na rantse masa. Ya ce to, amma na ga bai yarda ba. Kun ga yanzu mu uku ke nan, kowa na kallon kowa.

Da na dawo na rubuta wa mutumin cewa mu ba ma ciniki da wanda ba mu gani ba, in da gaske yake ya fito. Ya amsa ya ce mu haɗu a tashar mota ta Tsafe ranar kasuwa, da safe. Na ce wa Lawali ya shirya mu tafi tare, a raina ina cewa in shi ne ke rubutun ai ga shi kusa da ni, zan ga hannunsa. Shi ma ya yarda da sauri, ina jin don ya ga nawa hannun. Muka zauna a rumfar mai shayi inda jama'a suka fi yawa, muna duban duk wanda ya sauko daga mota, har rana ta take, ba wanda ya nufo mu. Wayar Lawali tana aljihunsa, idona a kanta. Sai tawa ta yi ƙara. Saƙon ya ce, "Na ce kada ka nuna wa kowa, amma ga shi ka zo da mai jar hula. Ku koma gida, hadari na tasowa." Lawali ne mai jar hula. Muka waiwaya gabas muka ga hadarin ya fara haɗowa. Wallahi ba mu ƙarasa shayin ba, muka faɗa motar farko da ta cika muka koma Gusau.

Daga nan na yanke shawara na daina amsa masa. Ya turo saƙo ya sake turowa, kullum maganarsa ɗaya, ɗakin baya, na share. Ana cikin haka aka shiga lokacin nan da aka katse sabis ɗin waya a jihar saboda matsalar tsaro, wanda duk ɗan Zamfara ya tuna, mutum in yana son kira ko duba saƙo sai ya yi tafiya har Funtuwa. Kasuwarmu ta imel ta tsaya cik. Ni kuwa har na ji daɗi ta wani ɓangaren, na ce ko ba komai na huta da mai ɗakin baya.

A cikin kwanakin nan ne wani malamin makarantar sakandare, Malam Nasiru, ya zo ofis da ƙafarsa ya ce an mayar da shi Bungudu yana neman gida. Mutum ne na fili, na san inda yake zaune, na san surukinsa. Muka ɗauki Alhaji Bawa muka tafi bayan azahar. Malam Nasiru ya zagaya, gidan ya yi masa, ya zo ya tsaya a tsakar gida ya ɗora ƙafa ɗaya a kan bakin rijiya yana lissafin inda zai fasa bango ya fitar da shago. Ni ina riƙe da waya don in nuna masa hoton takardar gidan da na ɗauka tun da farko. Sai wayar ta motsa a hannuna.

Jama'a, babu sabis. Ko sanda ɗaya babu a saman wayar, kuma ba a Bungudu kaɗai ba, duk jihar. Amma ga saƙo sabo ya shigo daga adireshin nan. Ya ce, "Dillali, ka ce wa baƙon ya sauke ƙafarsa daga bakin rijiya, gefen nan ya zaizaye."

Ban san lokacin da na ce, "Malam, sauke ƙafarka" ba. Ya sauke yana dubana, ya ɗan taɓa wurin da takalmi, sai ga wani ɓangare na bakin rijiyar ya ɓalle ya rufta ciki, muka ji ƙararsa can ƙasa. Na ɗaga kai na duba ko'ina. Katanga doguwa ce, ba bene a maƙwabta, ba bishiyar da wani zai hau, ƙofar zaure mun sakaya ta da kanmu. Wuri ɗaya ne kawai ake iya hango rijiyar daga shi, 'yar tagar nan ta ɗakin da aka toshe.

Na miƙa wa Malam Nasiru wayar ya karanta wa Alhaji da bakinsa, don kada a ce ni na ƙirƙira. Alhaji ya zauna a kan turmi ya daɗe yana salati. Daga baya ya ce a kira magini, yau sai ya ga abin da ke ciki, in mutum ne ya haƙo rami ya shiga to a san shi. Aka samo magini da maƙwabta biyu su zama shaida, aka sa diga aka fasa.

Na yi zaton za mu tarar da ƙura da yanar gizo da ɓeraye, ɗakin da ya shekara aru-aru a rufe. Abin da muka gani shi ne ɗaki a share tas, har ana ganin sawun tsintsiya a ƙasa. Tabarma a shimfiɗe ta fuskanci gabas, buta a gefenta, kuma ƙasan da ke ƙarƙashin butar da danshi. Magini ya ɗaga ta ya ce da ruwa a ciki. Muka duba bango kusurwa kusurwa, muka duba rufi, muka buga ƙasa ko akwai rami, ba ta inda ɗan adam zai shiga. Ba waya, ba takarda, ba komai bayan wannan. Alhaji Bawa ya tsaya a bakin ƙofar ya ce a hankali, "Mamman?" Ba wanda ya amsa, kuma ba wanda ya yi dariya.

Malam Nasiru ya ce ya fasa, ko kyauta aka ba shi ba ya so. Alhaji ya karɓi mabuɗinsa a hannuna tun a mota ya ce gidan ba na sayarwa ba ne kuma. Da aka dawo da sabis na kai wayar wurin wani mai gyara da ya san harkar kwamfuta, ya gwada tura saƙo zuwa adireshin, saƙon ya dawo, wai babu adireshi irin wannan. Ya ce wataƙila an rufe shi ne, wataƙila kuma saƙon rijiya ya shigo tun da farko ban lura ba. Na ce to wa ya san Malam Nasiru zai ɗora ƙafa tun da farko? Ya ce shi dai waya yake gyarawa. Lawali har gobe yana cewa akwai hannun mutum a ciki, wani dangin Alhaji da ba ya son a sayar, ni ma wani lokacin ina son in yarda da shi don in samu barci.

Sai dai akwai saƙo na ƙarshe, wanda ya shigo bayan mai gyara ya ce adireshin babu shi. Ina zaune a ofis da safe na gan shi, layi ɗaya ne: "Dillali, kun tafi kun bar mini ƙofa a buɗe." A ranar na nemi Alhaji Bawa na gaya masa, ya tura magini aka mayar da ƙasa aka shafe, kuma tun daga nan ban sake jin ɗuriyar mai saƙon ba.

Shawarata ga 'yan'uwana dillalai, in saƙo ya zo muku daga wanda ba ya faɗin sunansa, ba ya tambayar farashi, kuma ya fi ku sanin gidan da kuke sayarwa, kada ku biye masa, kada kuma ku tafi ku kaɗai. Ku kuma masu gidan gado, kafin ku miƙa wa dillali mabuɗi ku zauna da tsofaffinku ku tambaya ko akwai wanda ya fita ya ce a jira shi. Allah Ya tsare mu da abin da muke gani da wanda ke ganinmu ba mu ganinsa.